Bidon da Matar Yaya Ta Binne

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Baba ya rasu bayan an gama yankan gero, da hantsi, a kan tabarmarsa, yana fuskantar ƙofa kamar yadda ya saba kwanciya don kada wani ya shigo bai gani ba. Mu biyu ya bari, Yaya da ni. Ina aure a Bande, saƙon ya same ni ina shanya wake. Kafin in iso ƙauyenmu, can tsakanin Magariya da Dungas, an riga an kai shi makwancinsa.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin mai yawan raɗa irin na Baba ba. A ƙofar gida maza na yi masa addu'a suna danne murmushi. Na ji mahaucin garinmu yana cewa tun yana saurayi yake sayar wa Baba nama, Baba bai taɓa yarda na akuya ne ba sai an nuna masa kai da ƙafa. Liman ya ce Allah Ya jiƙan mai bincike, aka amsa da amin. Mutum ɗaya na gani yana kuka ba ɓoyo, wani tsohon makiyayi da ya tako daga wajen Guci, ya rufe fuska da bakin rawani kafaɗunsa na rawa. Shi ne mahaifin matar Yaya.

A cikin gida kuwa, mata sun cika tsakar gida har bakin murhu, amma tabarmar da matar Yaya ke zaune a kai tana da wurin mutum uku ba kowa. Duk wadda ta shigo sai ta yi mini gaisuwa, ta yi wa Goggo, ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba. Goggo ƙanwar Baba ce, ita ta rage mana a manya tun da Inna ta rasu. Ban ko sha ruwa ba ta ja ni bayan rumbu.

“Ke 'yar nan, ubanki ba mutuwar Allah da Annabi ya yi ba.”

“Goggo, wace irin magana ce wannan?”

“Kin ga ƙafafunsa da idonki da damina. Mutum ya kumbura kamar an hura shi? Da bazara maƙwabciya ta leƙo ta danga, ta ga yarinyar nan tana tona rami bayan ɗakinta. Ta binne bido, jarkar nan ta roba. Kin san me ke ciki? Fitsarin ubanki. An gan ta tana ɗaukowa daga ƙofarsa tana juyewa. Washegari ta tone, ta hau kabu-kabu ta bar gari da shi. Tun ranar kuma tukunyarsa dabam take dafawa, ba mai ɗanɗanawa.”

Na ce to me ya sa ba a gaya wa Baba ba. Goggo ta ce ta gaya masa, ya ce ta bar yarinyar nan. “Yayana da ba ya yarda da inuwarsa ya ce in bar ta. Ai nan na san an gama da shi.”

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Duk wanda ya san Baba ya san ba a ɗaukar ko zaren rigarsa. In wanzami ya yi masa aski, da kansa yake tattara gashin ya ƙulle a gefen riga, ya je ya binne inda ba wanda ya sani. Farcensa haka. In ya zauna a majalisa ya tashi, sai ya sa ƙafa ya goge sawunsa kamar ba da gangan ba. Yakan ce abin da ya fita daga jikinka har yanzu naka ne, kada ka bar shi hannun wanda ba ka san cikinsa ba. Mutumin da ke haka, a ce fitsarinsa ya bar gari a kan babur, dole zuciya ta tsaya.

Ni ma lakwal ɗin da ya sa ni ba don son boko ba ne. Ya ce yana son wanda zai karanta masa abin da ke jikin kwalin magani, don bai yarda da bakin mai sayarwa ba. Da na iya karatu na karanta masa, sai ya kai kwalin wurin wani ya sake karantawa, ya ji ko bakinmu zai zo ɗaya. In na yi fushi ya yi dariya ya ce, “Ba ke nake zargi ba, auta, malaminku nake zargi.” In an kawo masa fura sai ya tambayi wa ya dama. In an ce masa an yi ruwa a Dungas sai ya ce wa ya jiƙe. Ranar kasuwa yana iya yini yana juya buhun iri bai saya ba, ya dawo gida yana jin daɗi wai bai bari an cuce shi ba.

Amma zalunci ne in bar shi a nan, don Baba ba mai zargi kawai ba ne. Yana bin abu har ƙarshensa. Muna yara, wata kaka shanu suka shiga gonar wakenmu suka yi kaca-kaca da ita. Gari ya tashi, kowa ya ce shanun makiyayin da ya sauka bayan gari ne, har an fara ɗaukar sanduna. Baba ya ce a dakata. Su masu nuna yatsar ma bai yarda da su ba. Ya duƙa yana bin sawun kofato cikin rairayi, ya ga ɗaya na jan ƙafar baya, ya bi shi har turken wani maƙwabcinmu da ya fi kowa ɗaga murya. A gaban mai gari ya tsaya ya ce baƙon nan ba ruwansa. Maƙwabcin ya daina gaishe shi shekaru, Baba bai damu ba. Makiyayin kuwa ya zama amininsa, kowace shekara yana sauke shanunsa a gonarmu su bar taki, daga baya ya ba Yaya 'yarsa. Shi ne tsohon da ke kuka a ƙofar gida.

Rigimarmu da Baba ɗaya ce wadda ta yi tsawo, kuma a kan halinsa ne. Yana da wata dabara ta gwada mutanen gidansa. Sai ya kira ka gefe ya ba ka labarin ƙarya a matsayin asiri, kowa da nasa dabam, sannan ya je kasuwa ya zauna yana jiran wanda zai dawo masa. Ni ya ce mini zai sayar da jakinsa, kada in gaya wa kowa. Ban gaya wa kowa ba sai ƙawata, ita ma na ce kada ta faɗa. Kafin la'asar dillali ya zo ganin jaki. Na Yaya ya ɗan jima, ya kai mako. Na Goggo ya riga Baba isa kasuwa. Da na gane gwaji ne na yi kuka na ce ya mai da ni abin wasa, ya ce ni na mai da kaina mai shela. Damina guda ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Abin da ban manta ba, da muka shirya ya ce mini cikin gidan nan labari ɗaya ne bai taɓa dawowa ba, wanda ya ba amaryar Yaya yana magana ta bayan zana. Na ji haushi a ranar, na ce ai Hausar ce ba ta gama kamawa ba tukuna.

Tsakaninsa da ita kunya ce irin ta da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko mai irin sunansa sai ta sakaya. Ba ta taɓa cin abinci inda zai gani ba. In za ta gaishe shi daga nesa take durƙusawa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Ni da ita muna wasa, ina ce mata matarmu, tana ce mini 'yar Baba, amma ba zan ce na san cikinta ba. Ba ta da yawan magana, kuma a gidanmu shiru ma abin zargi ne.

Zuwana na ƙarshe da ransa, da damina, na tarar ƙafafunsa ba sa shiga takalmi. Da safe fuskarsa ta cika, idanu sun shige. Yana ta susar jiki, abinci ya ce duk ɗanɗanon ƙarfe yake masa. Na ce mu je asibiti, ya ce sanyin damina ne. Na ɗauki ludayi zan ɗanɗana miyarsa, matar Yaya ta janye kwanon ta ce, “Wannan ta Baba ce, 'yar Baba, ga taku can.” Na yi dariya a lokacin. Bayan maganar Goggo, na daina ganin abin dariya a ciki.

Da aka yi sadakar uku, Yaya ya kira matarsa ɗakin Inna, ni da Goggo muna zaune. Yaya mutum ne mai sanyi, fataucin wake yake yi, yana tsallaka iyaka, rabin shekara ba ya gida. Idanunsa sun yi ja.

“An ce kin binne wani abu bayan ɗaki.”

“Na binne.”

“Na Baba ne?”

Ta sunkuyar da kai. “Nasa ne.”

Goggo ta yi salati ta tafa hannu. Yaya ya ce, “Ina kika kai?”

“Ba zan iya faɗa ba.”

“Ni mijinki nake tambayar ki.”

“Ka yi haƙuri. Ba zan iya faɗa ba. Amma wallahi ba cuta ba ce.”

Har ya gaji ba ta ƙara ko kalma ba. Goggo ta ce in Yaya ɗan halas ne yarinyar nan ba za ta kai sadakar bakwai a gidan ba. Na fito zuciyata na tafasa, kuma in faɗi gaskiya, na fi karkata ga maganar Goggo. Abu ɗaya ya hana ni zama. Mai sammu takan musanta. Wannan ta amsa duk abin da zai kashe ta, ta riƙe abu ɗaya kawai.

Washegari na zaga bayan ɗakinta. Ramin na nan, bai kai gwiwa ba, a gindin dalbejiya inda rana ba ta sauka. Na tona da hannu ban sami laya ba, ban sami ƙaho ba, ban sami komai ba sai rairayi mai laushi irin wanda muke zubawa a gindin randa. Daga nan na nemi mai kabu-kabun da ya ɗauke ta, wani magidanci da muka yi wasan ƙasa tare. Ya yi ta kewaye-kewaye, shi ma yana tsoron a ce da shi aka haɗa baki. Da na matsa ya ce ba gidan boka ya kai ta ba. Magariya ya kai ta, ƙofar wani asibiti, bidon na naɗe cikin jiƙaƙƙen zane tana rungume da shi kamar jariri. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai, da ta fito da bidon ta dawo, kuma da nauyinsa.

Ban gaya wa kowa ba na hau bayansa muka tafi. Likitan dattijo ne mai furfura a gemu. Da na kwatanta masa Baba, sai ya ajiye abin rubutunsa ya yi dariya, sannan ya ga fuskata ya daina.

“Ya rasu ke nan? Allah Ya jiƙansa. Wannan tsohon ba a manta shi. Ke 'yarsa ce? Na ga kallon.”

Ya ce Baba ya zo shi kaɗai ranar kasuwa, da bazara, ya ce tansiyo, wato hawan jini, yake so a duba. Aka duba, ta hau sosai, da alama ta daɗe a haka. Likita ya ga ƙafafun ya ce a ɗebi jini. Sai da Baba ya tsaya a kan mai ɗiba, ya ga an rufe kwalbar an rubuta sunansa, ya sa wani majinyaci ya karanta masa sunan. Da sakamako ya fito likita ya ce masa ƙodarsa ta gaji, kuma daga jinin nan ana iya kintata yadda ta gaji.

“Sai ya ce mini, ‘Kintata? Na hau mota tun asuba don a kintata mini? Ba ka da mudu?’ Na ce akwai mudu, amma da wahala. Dama ga tsoho irinsa da tsoka ta zube, kintacen yakan kauce. Ya ce a kawo mudun.”

Na ce, “Likita, ni fa abin da ya kawo ni fitsari ne. Me kuke yi da fitsarin mutane?”

Ya gyara zama. “Kina tace ƙullu, malama?”

“Wace mace ce ba ta tacewa?”

“To ƙoda rariya ce. Jinin jikinki duka ta cikinta yake bi, ba dare ba rana. Tana tsame datti da ruwan da ya yi yawa su zama fitsari, ta mayar wa jiki abin da yake bukata. Akwai wani datti da tsokar mutum ke saki kullum daidai wa daida, mu kireyatinin muke ce masa, ƙoda ce ke fitar da shi. Ki ɗauka kowane ludayi na ƙullunki akwai tsakuwa ɗaya a ciki. Kin gama aiki kin tarar da tsakuwa goma an ware gefe. Ludayi nawa kika tace?”

“Goma.”

“Shi ke nan analis ɗin, wato gwajin. Jini ya gaya mana tsakuwa nawa ke cikin ludayi. Fitsari ya gaya mana nawa aka fitar. Mu raba, mu san jini nawa ƙoda ke wankewa tas a minti guda. Amma dole a tara fitsarin yini da kwana cif. Na farkon safiya a zubar, daga nan duk wanda ya zo a tara, har na farkon safiyar gobe. In sau ɗaya ya zube ƙasa, lissafin ya zama ƙarya. Kuma a ajiye shi wuri mai sanyi, don zafi na ɓata shi. Tsohon ya ce ba su da firigo. Na ce a yi dabara.”

 Na tuna gindin dalbejiya da rairayin randa. Dabarar ke nan. Duk macen ƙauyenmu ta san in kana son ruwa ya yi sanyi da bazara, ka binne tulun cikin jiƙaƙƙen rairayi a inuwa. Kuma duk macen ƙauyenmu in ta ga ana binne abin jikin mutum, abu ɗaya za ta kawo a ranta.

Likita ya ce ya tambayi Baba wa zai kawo bidon, tun da ƙafafunsa ba za su jure hanya kullum ba. Baba ya ce akwai mutum ɗaya. Ya kuma kafa sharaɗi: su ɗebi abin da za su auna, sauran a mayar masa. “Na ce Baba, zubarwa muke yi. Ya ce a ina, wa ke zubarwa, wa ya gani? Da yarinyar ta zo, mun auna yawansa, mun ɗebi kaɗan, ta tsaya a bakin ƙofa har aka rufe aka miƙa mata. Ba ta ɗaga kai ta kalle ni ba ko sau ɗaya don kunya.”

Sakamakon bai yi kyau ba. Ƙodar Baba ba ta wanke ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ta lafiyayye ke wankewa. Da ya dawo jin bayani, likita ya ce masa a rage gishiri, a bar kanwa, ya rubuta masa magani, ya ce amma gaskiyar magana sai an tafi Damagaram an riƙa yi masa wankin jini da na'ura. Baba ya sa aka yi masa bayanin na'urar dalla-dalla: jini ya fita ta tiyo, ya shiga inji, ya dawo.

“Sai ya ce, ‘In ya dawo, ta yaya zan san nawa ne?’ Na rantse masa nasa ne, ba ya haɗuwa da na kowa. Ya ce ya yarda da ni, inji ne bai sani ba. Na ce a kira 'ya'yansa mu yi magana. Ya ce 'ya'yansa in suka ji, ɗaure shi za su yi su sa a mota, shi kuwa a ɗakinsa yake so ta same shi. Na roƙe shi, malama. Ya yi mini godiya ya tafi.”

A hanyar dawowa na yi ta kuka iska na busar da hawayen. Ina kukan Baba da ya ɗauki wannan shi kaɗai. Ina kishi, in faɗi gaskiya, don ni ya haifa amma ba ni ya zaɓa ba. Ina kuma tunanin matar da ko tari ba ta yi a gabansa, ta yini ta kwana tana jiran gyaran muryarsa, ta je ta ɗauko kwano a bakin ƙofarsa ta juye a bido, ba ta bar ko ɗigo ya zube ba. Kunyar da su biyun suka haɗiye a wannan yinin, ni ban san yadda ake auna ta ba.

Na iso gida da la'asar na tarar ƙofar ɗakinta a buɗe, gado ba shimfiɗa. Goggo ta ga na ɓace ta ɗauka Bande na koma, ta zauna wa Yaya a wuya tun safe, dattawan unguwa suka sa baki. Yaya ya ba matarsa saki ɗaya. Mahaifinta da bai gama zaman makokin amininsa ba ya ɗaura kayanta a amalanke, ya ɗora ƙaramin ɗansu, suka kama hanyar Guci. 

Na tara Yaya da Goggo na faɗi abin da na ji, ban rage komai ba. Yaya ya dafe kai. Goggo ta ce, “To in haka ne, me ya sa ta ɓoye ciwon? Da ta faɗa ai da an kai shi.” Na ce Goggo, jiya mai sammu ce, yau kuma mai ɓoyo? Ta ce ita dai ba ta yarda da likitan ba ma, wa ya san abin da aka ba shi. Na dube ta na ga Baba sak, sai dai ita ba ta taɓa duƙawa ta bi sawu ba. Mu duka haka muka gaje shi, muka ɗauki zargin muka bar binciken.

Bayan sadakar bakwai ni da Yaya muka tafi biko. Mahaifinta ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar gawo, ya sa aka kawo nono, ya tashi ya ba mu wuri. Ta fito ta zauna nesa kaɗan. Na ce mata na je Magariya, likita ya gaya mini komai, ba daga bakinta ya fito ba.

Sai a lokacin na ga hawayenta. “Alhamdu lillahi,” ta ce. “Ba ni na faɗa ba.”

“Matarmu, ai ya rasu. Da kin faɗa ranar da aka tambaye ki, wa zai ga laifinki?”

“Ya sa na rantse, 'yar Baba. Bai ce mini sai ranar kaza ba. Da jikin ya yi tsanani kullum in na kai masa kunu sai in ɗan tsaya a bakin ƙofa, ko zai ce ya sake ni. Bai ce ba.”

Yaya ya matso. Ya ce ya yi kuskure, ya zo ya mayar da ita, ta shirya su tafi gida. Ta amsa tana kallon ƙasa.

“Idda ba ta cika ba. In ka ce ka mayar da ni, shari'a ta ba ka, zan ɗauki kayana in bi ka. Amma ina roƙon ka kada ka faɗa.”

“Saboda Goggo? Zan yi mata magana. Zan tara gari.”

“Ba Goggo ba. Goggo ba ta san ni ba. Kai na haifa wa 'ya'ya. Na dube ka na ce wallahi ba cuta ba ce. Baba da kalma ɗaya ya yarda da ni, kai na rantse maka.”

Kalmar tana bakin Yaya, ina kallon leɓensa. Da ya furta da mun dawo da ita a ranar. Bai furta ba. Ya sake komawa sau da yawa, yana kai wa yaron kaya, yana zama da mahaifinta, yana jiran ta janye roƙonta. Iddarta ta cika tana gidan ubanta.

Na rubuta wannan ne don kada a manta da Baba, kuma don kada a tuna shi rabi. Ya tsare maraya, ya wanke baƙo a gaban mai gari, bai taɓa cin hakkin kowa ba, kuma ina kewarsa har cikin ƙashina. Ya Allah Ka haskaka kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka haɗa shi da Inna a gidan rahama. Ka kuma yafe masa rantsuwar da ya ɗora wa 'yar amininsa ya tafi bai sauke ba, don ita kaɗai ya yarda da ita a duniya, kuma ita ce ta biya.